Da'irar da Ba a Gani: Me Ya Sa Rim ɗin Wata Mota Ba Ya Zama a Wata?

Idan ka tsuguna ka dubi tayar mota, za ka ga notoci huɗu, biyar ko shida sun zagaye tsakiyar rim. Da ido dai kamar duk ɗaya suke. Amma kowane rami yana zaune ne a kan wata da'ira da ba a zana ba, wadda ta ratsa ta tsakiyar ramukan duka. Faɗin wannan da'ira shi ne injiniyoyi ke taƙaitawa da PCD, kuma shi ne ke yanke hukuncin ko rim zai zauna lafiya ko a'a.

Ana rubuta shi da lambobi biyu. In ka ga 5x114.3, ana nufin ramuka 5 a kan da'ira mai faɗin milimita 114.3. Haka Toyota Camry da Honda Accord da yawa suke. Yawancin Marsandi 5x112 ne, Fijo 406 kuwa 4x108, Hilux mai noti shida 6x139.7. To me ya kawo ɗigo uku a 114.3? Ai asalin awon na inci ne: inci huɗu da rabi daidai yake da milimita 114.3, inci biyar da rabi kuma 139.7.

Yaya ake huda ramukan su fito daidai? Da'ira tana da digiri 360, sai a raba da yawan ramuka. Huɗu, digiri 90 tsakanin kowane biyu; biyar, digiri 72; shida, digiri 60. A da, mai aiki yakan ɗaure ƙarfen a kan faifai mai juyawa da ke da alamomin digiri, ya huda, ya juya, ya sake hudawa. Yanzu injin CNC, wanda kwamfuta ke sarrafawa, shi ke yin aikin. Ana ɗaukar tsakiyar da'irar a matsayin sifili, sannan a lissafa wurin kowane rami da lissafin kusurwa. Misali a 5x114.3, rabin faɗin 57.15 ne. In ramin farko yana milimita 57.15 dama da tsakiya, na biyu zai kasance 17.66 zuwa dama da 54.35 zuwa sama.

Ka lura, kowane rami daga tsakiya ake auno shi, ba daga maƙwabcinsa ba. Dalili kuwa, in kana aunawa daga rami zuwa rami kuma kana kuskuren rabin milimita kowane karo, kuskuren taruwa yake yi, har ka isa na biyar ka yi nisa da inda ya kamata. In daga tsakiya ne, kuskuren kowane rami nasa ne shi kaɗai.

Yanzu ga inda haɗarin yake. Tsakanin 5x112 da 5x114.3 bambancin faɗi milimita 2.3 ne kacal, wato kowane rami ya kauce da 1.15. Ido ba zai gani ba, kuma sau da yawa rim ɗin zai shiga, notocin ma su ɗauru. Sai dai bakin yawancin notoci a tsuke yake kamar mazurari, domin ya zauna cif a cikin ramin ta kowane gefe. Matsin da notocin ke yi shi ne ke manne rim da jikin hob, ya hana shi motsi. In ramin ya kauce, gefe ɗaya kawai noti zai taɓa, ya riƙa lanƙwasa ƙarfen da yake hawa kai. Tayar tana juyawa sau ɗaruruwa a kowace kilomita, ƙarfen yana ta gajiya, notin yana sassautawa. Farko sitiyari ya fara rawa, ƙarshe ƙarfen ya karye ko taya ta fice ana cikin gudu.

Don haka kafin ka sayi rim, musamman na hannu irin na Beljiyam, ka auna. In ramukan huɗu ne ko shida, abin da sauƙi: daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar wanda ke kallonsa, wannan shi ne faɗin. In biyar ne, babu ramin da ke kallon wani, sai ka auna tsakanin maƙwabta biyu, tsakiya zuwa tsakiya, ka ninka da 1.701. Ka sami 58.8, to 5x100 ne, 65.8, 5x112, 67.2, 5x114.3. Biyun ƙarshe sun yi kusa ƙwarai, don haka tef ɗin tela ba zai yi ba, sai ma'aunin bakanike mai nuna ƙasa da milimita. Ka kuma juya bayan rim ɗin, wasu kamfanoni kan buga lambar a jiki.

Wajen ɗaurewa ma, kada a bi notoci a jere. A riƙa tsallakawa kamar ana zana tauraro, domin rim ya kwanta daidai. Kuma in wani ya ce zai ɗan faɗaɗa ramukan da abin huda don rim ya shiga, ka ce masa a'a. Tsakiyar ramin ce za ta gushe daga kan da'irar, kuma babu ƙarfin ɗauri da zai maido da ita.