Masu Buɗe Gidajen Wasan Kwamfuta: A Auna Akwati Da Wuta Kafin A Sayi Katin Hoto

Duk wanda ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Jibiya, ko Birnin Ƙonni da Illela, ya san cewa a 'yan shekarun nan wata sana'a ta samu gindin zama a layin shagunanmu, wato gidajen wasa, inda matasa ke biyan kuɗi su buga ƙwallo ko tseren mota a jikin allo. Akasarinsu sun fara ne da PlayStation guda da talabijin, to amma yanzu wasu 'yan kasuwa sun karkata ga haɗa kwamfuta, domin kuwa kwamfuta ɗaya tana iya buga takardu da gyaran hotunan biki da rana, da yamma kuma ta koma ta wasa. Shi ya sa a shirin kasuwa da muke gabatarwa a gidan rediyo, masu saurare ke yawan aiko mana da tambaya guda: wane katin hoto ya kamata mu saya?

Kafin mu amsa, bari mu ba da labarin wani ƙanenmu da ke sayar da kayan waya a ɗaya daga cikin kasuwannin nan na kan iyaka. Ya tara ribar shekara guda, ya sayi kwamfutocin ofis na gwanjo guda 3, irin siraran nan da ake kwantarwa a kan tebur, sannan ya tafi Kano ya sayo katin hoto mai fanka 3, shi ma na hannu. Da ya dawo aka buɗe akwatin farko, sai aka tarar katin ya fi akwatin tsawo da kauri. Wani yaro mai gyara ya ba shi shawarar a yanke ƙarfen gefe da zarto, aka yanke, katin ya shiga amma murfi ya ƙi rufuwa. Nan kuma aka gano na'urar raba wutar da ke ciki ba ta da igiyar da katin ke buƙata, sai aka yi dabarar haɗa waya. Kwana 9 aka yi ana wasa, a rana ta 10 hayaƙi ya tashi. Kati ya tafi, kwamfuta ta tafi, mai shagon da ya sayar masa kuma yana can wata ƙasa. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan, an sayar da biri an sayi kare.

Kuskuren ƙanen namu shi ne ya ɗauki katin hoto a matsayin kaya mai zaman kansa, alhali kuwa shi da akwati da na'urar raba wuta tafiyarsu ɗaya ce.

Ga waɗanda ba su sani ba, katin hoto, wanda masu shago ke kira girafik, shi ne ɓangaren da ke zana duk abin da ake gani a allo, kuma a kwamfutar wasa shi ne ya fi komai tsada, ya fi komai shan wuta, ya fi komai fitar da zafi. Kamfanoni 2 ne suka fi rinjaye a wannan kasuwa, wato Nvidia mai GeForce da AMD mai Radeon, dukkansu na Amurka, sai kuma Intel da ya shigo da nasa mai suna Arc a 2022.

Abu na farko da ɗan kasuwa zai tambayi kansa shi ne, wane wasa yaran unguwarsa ke biya don su yi. A iyakar abin da muka gani, ƙwallo ce ke gaba: wasan da aka daɗe da sani da FIFA, wanda ya koma EA Sports FC a 2023, da kuma PES da ya koma eFootball a 2021, sai GTA V. Waɗannan ba su buƙatar katin miliyoyi. Kamfanin da ya yi FC 24 ya bayyana cewa mafi ƙarancin katin da zai ɗauki wasan shi ne GTX 1050 Ti ko RX 570, wanda ya fi dacewa kuma shi ne GTX 1660 ko RX 5600 XT. Saboda haka mai shagon da allonsa na yau da kullum ne, mai layin 1080, idan ya sayi katin da ya ninka wannan sau 3 a kuɗi, to ya binne jarinsa ne a wurin da idon mai wasa ba zai gani ba.

Abu na biyu shi ne wuta, kuma a nan muke so a tsaya a yi lissafi irin na kasuwa. Kowane kati yana da adadin wat da yake sha. RX 580, wanda ya fito a 2017 kuma ya cika shagunan gwanjo saboda araharsa, yana shan wat 185. RTX 3060 na 2021 mai giga 12 yana shan 170. RX 6600 na shekarar yana shan 132. RTX 4060 na 2023 kuwa 115 kacal yake sha, alhali ya fi RX 580 ƙarfi nesa ba kusa ba. Tsakanin 185 da 115 akwai wat 70. Idan kwamfuta tana aiki awa 10 a rana, wannan bambanci ya kai kilowat 21 a wata. Mai kwamfuta 5 zai biya kuɗin kilowat 105 na ƙari kowane wata, ko dai ga kamfanin wuta ko ga mai sayar da fetur. Wanda kuma ke aiki da farantan hasken rana, wannan bambanci yana iya zama kuɗin ƙarin batir. Don haka katin da ya fi araha ranar saye ba lallai ne shi ya fi araha bayan shekara 2 ba.

Idan dai ba a manta ba, a watan Agusta na 2023 Nijeriya ta katse wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin watan Yuli, ba a kuma maido ta ba sai a watan Maris na 2024. Masu shagunan da suka rayu a wancan lokaci a kan janareta sun san darajar kowane wat.

Yadda wutar ke isa ga katin ma abin sani ne. Ramin da ake soka kati a jikin madabod, wato babban farantin da ake dasa komai a kansa, yana ba da wat 75 ne kawai. Duk katin da ya wuce haka sai an ja masa igiya daga na'urar raba wuta: mai ƙafa 6 tana ƙara wat 75, mai ƙafa 8 tana ƙara 150. Kwamfutocin ofis sirara na Dell da HP galibi na'urar wutarsu ba ta kai wat 300 ba, ba ta da wannan igiya, kuma siffarta ta daban ce, ba a cika samun babbar da za ta maye gurbinta ba. Mai irin wannan kwamfuta ba wai ya rasa mafita ba ne. Akwai gajerun katuna da aka ƙera don ita, waɗanda ba su neman igiya, kamar RX 6400, da wasu nau'o'in GTX 1650, da RTX 3050 mai giga 6 da ya fito a 2024. Da ƙanenmu ya sayi irin waɗannan guda 3, da yau shagonsa na aiki. Wanda kuwa zai haɗa sabuwa da RTX 3060 ko 4060, ya nemi na'urar wuta mai wat 550 daga kamfani sananne, mai tambarin 80 Plus. A guji waɗanda ake haɗowa kyauta da akwati mai araha, masu rubutun wat 600 amma ba nauyi a hannu. Idan irinsu suka mutu, ba su cika tafiya su kaɗai ba.

Yanzu mu zo ga akwati, wanda a ra'ayinmu shi ne aka fi zalunta. Mutum zai shafe mako yana bincike a kan kati, amma akwati sai ya nuna wanda ya fi kyalli ya ce a sa masa a buhu.

Akwatin yana da awo 3 da ya kamata a rubuta a takarda kafin a kama hanya. Na farko girman madabod da yake ɗauka: ATX milimita 305 ne da 244, micro-ATX 244 da 244, mini-ITX kuma 170 da 170. Babban akwati yana ɗaukar ƙaramin faranti, ƙarami ba ya ɗaukar babba. Na biyu tsawon katin da zai shiga. Kati mai fanka 2 galibi yana tsakanin milimita 200 da 250, mai fanka 3 kuwa yakan kai 300 ko ya wuce, kuma tsofaffin akwatuna suna da wani kejin ƙarfe a gaba da ke tare hanya. Na uku kaurin katin, domin wasu suna cin gurbi 2, wasu har 3. Tef ɗin tela ya isa wannan aiki, kuma babu kunya a fito da shi a gaban mai shago.

Sai batun gilashi. Akwatunan da ake yayi yanzu gaba gilashi, gefe gilashi, ciki fitilu masu canza launi, kuma ba mu musa cewa suna jan hankalin yara ba. To sai dai an ƙera su ne don ɗakin da ke da na'urar sanyaya iska. Masu gwada katuna a Turai suna yin awonsu a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba. A Ƙonni ko Maigatari a watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, balle a shago mai rufin kwano da yara 10 a ciki. Kati yana ɗora nasa zafin ne a kan na ɗaki, don haka wanda ya tsaya a digiri 70 a can zai iya kusantar 85 a nan. Yawancin katunan Nvidia idan suka kai wajen digiri 83 sukan rage gudu da kansu don kada su lalace, a nan ne mai wasa zai ga ɗan ƙwallo yana tsalle-tsalle, ya ce kwamfutar shagon nan ba ta da kyau, ya koma maƙwabta. Saboda haka a zaɓi akwati mai raga a gaba, mai fanka 2 ko 3 na milimita 120 da ke jawo iska ciki, da guda 1 a baya mai fitar da ita. Gilashin gefe ba laifi idan gaba a buɗe yake.

To amma ragar da ke shigo da iska ita ke shigo da ƙura, mu kuma muna da hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ga ƙurar manyan motoci a bakin kasuwa duk shekara. Maganin wannan shi ne akwati mai matatar ƙura da ake zarewa a wanke, a gaba da kuma ƙasa. Masu gyara suna da wata dabara mai kyau: a sa fankokin da ke shigo da iska su fi masu fitarwa yawa, ta yadda iska za ta riƙa fita ta ƙananan kafofi maimakon ƙura ta riƙa shiga ta nan. A kuma ɗaga akwati daga ƙasa a ɗora a kan tebur. Lokacin hunturu a zare matata duk mako, a hure cikin akwati da na'urar hura iska duk wata, a riƙe fanka da yatsa kada ta juya da ƙarfin iskar. Wasu na cire murfin gefe su kafa fankar ɗaki, wannan yana rage zafi na ɗan lokaci amma yana mai da katin rumbun ƙasa.

Daga ƙarshe sai maganar algus, wadda 'yan kasuwa suka fi mu sani a kan sauran kaya. Akwai katunan jabu da suka daɗe suna yawo, musamman masu sunan GTX 1050 Ti da GTX 1060. Ana ɗauko tsohon kati irin GTS 450 na 2010 ne, a sauya masa bayanan ciki, a manna masa sabuwar riga, kwamfuta ta nuna sabon suna. Alama mafi sauƙi ita ce, idan aka ga kati mai sunan 1050 Ti ko 1060 yana da mashigar VGA, shuɗiyar nan mai ramuka 15, to a ajiye shi, domin na gaskiya ba su zuwa da ita. Akwai kuma manhajar kyauta mai suna GPU-Z da ke tona cikin kati: 1050 Ti na gaskiya yana nuna ƙwayoyin aiki 768, jabun da aka yi da GTS 450 kuma 192. Haka nan RX 580 iri 2 ne, cikakke mai 2304, da mai 2048 da aka yi don kasuwar Sin, wanda ƙarfinsa kusan na RX 570 ne. Shi ba jabu ba ne, amma kada a biya kuɗin cikakke a kansa.

Bugu da ƙari, tun watan Satumba na 2022 da aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katin hoto, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka kwararo kasuwar gwanjo. Wasunsu lafiyarsu lau, wasu fankarsu ta gaji, wasu ma'ajiyarsu ta fara zuba. Mai sayen GTX 1050 Ti ko 1060 kuma ya sani cewa Nvidia ta daina fitar musu da sabbin manhajojin wasa a ƙarshen 2025, don haka farashinsu ya kamata ya nuna hakan.

Mu da muke saye a ƙetaren iyaka ba mu da gatan mayar da kaya cikin sauƙi, ga kuɗin mota, ga canjin naira da sefa, ga jami'an kwastan. Saboda haka kada a sayi kifi a ruwa. A sa mai shago ya soka katin a kwamfutarsa, a buɗe GPU-Z, a kunna wasa mai nauyi na minti 30 ana duba zafi, ana sauraren ƙarar fanka, ana lura ko ɗigo-ɗigo masu launi ko layuka za su bayyana a allo. A rubuta lambar jikin katin a kan rasit tare da kwanakin da aka yarda za a iya mayarwa. Wanda zai iya, ya sayi kati da akwati da na'urar wuta a shago guda, a haɗa su a gabansa a rufe murfi, sannan a sake cire katin a naɗe shi daban don tafiya, domin nauyinsa yana iya karya ramin madabod a kan gargadar hanya.