Uwargida, Me Ya Faru A Watan Nan?

'Yan makaranta, ku ma ku matso, zancen yau har da ku.

Akwai wani ɗan lokaci da mace take samu ita kaɗai a gidan aure, wato tsakanin sallar asuba da tashin yara. Maigida bai dawo daga masallaci ba, kin hura wuta, kin ɗora ruwan koko, raɓa ta jiƙa danga, ba ki jin kome sai carar zakara da amon turmi daga nesa. Yawancinmu mukan ɓatar da shi wajen lissafin cefane, ko tuna maganar da kishiya ta yaɓa mana jiya. Ni dai shawarata, ki ɗaga kai ki dubi kalandar da ke bango, ki tambayi kanki abin da ya taɓa faruwa a ƙasarku cikin irin wannan wata.

Ɗauki Oktoba. Kowace 'yar firamare ta san ran 1 ga Oktoba, 1960, Nijeriya ta sami mulkin kai. Mutanen Isa kuma sun san ran 1 ga Oktoba, 1996, aka cire Zamfara daga Jihar Sakkwato, suka wayi gari maƙwabciyarsu Shinkafi ta koma wata jiha. To, amma mu nawa muka san cikin Oktoba na 1808 ne Alƙalawa ta faɗi? Ita ce fa babban birnin Gobir, inda Bawa Jan Gwarzo ya yi sarauta, kufanta kuwa yana nan a ƙasar Sabon Birni, kusa da gulbin Rima. Muhammadu Bello ne ya ja rundunar da ta ci ta, shekara huɗu bayan Shehu Usmanu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, a nan kuma Sarkin Gobir Yunfa ya rasa ransa. Gobirawa ba su miƙa wuya ba. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya Ɗan Halima ya ɓata da 'yan'uwansa na can, ya zo ya kafa Sabon Birni. Shi ya sa har gobe da wuya ki sami Bagobirar da ba ta da dangi a ƙetaren iyaka.

Kada ki ce wannan zancen maza ne. A fadar Gobir akwai sarautar Inna, mace daga gidan sarauta, mai iko a kan matan ƙasar, ita ce kuma shugabar 'yan bori. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793, tana da shekara 15 lokacin da Alƙalawa ta faɗi. Da ta girma ta kafa 'Yan Taru don ilmantar da matan ƙauye, sai ta ɗora wa jajinta malfa irin ta Inna, don mata su gane wannan ma shugaba ce, amma ta karatu. Dabara ke nan ta wadda ta san halin 'yan'uwanta mata! Ta rasu a 1864.

Abin da ya sa na matsa miki, uwargida, kin fi ni sani. Safiyar nan mai shiru ta zama abin marmari a ƙauyukan Isa da Sabon Birni tun da 'yan bindiga suka addabi yankin. Cikin Agusta na 2024 har Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannunsu, Allah Ya jiƙansa. Gidaje sun watse, wasu suna Sakkwato, wasu suna wajen Gidan Runji a Nijar. Tsohuwar da ta san sunayen kakanninku bakwai, ta san wace rijiya wa ya haƙa, in ta tafi ba a rubuta ba, shi ke nan an yi asara.

Saboda haka 'yar makaranta, gobe in kin kai wa Kaka kokonta, kada ki ajiye ki juya. Gaishe ta, ki zauna gefen tabarma da littafi da fensir, don da safe ne tsofaffi suka fi sakin baki, kafin hayaniya ta tashi. Kada ki tambaye ta shekara, ba da lamba take ƙirge ba. In ta ce an yi mata aure shekarar da aka canja kuɗi, fam ya koma naira, rubuta 1973. In ta ce lokacin da motoci suka koma hannun dama, 1972 ke nan. In kuwa ta ce da watan azumi ne, ki tuna shekarar Musulunci ta gaza ta Turawa da wajen kwana 11, don haka sai ki ƙara tambayarta, da damina ne ko da hunturu?