Ɗan Akwatin Ajiya Da Masu Gida Suka Mayar Uwar Garke

A shekarar 2004 kamfanin Linksys na Amurka ya fito da wata 'yar na'ura mai suna NSLU2, wadda mutum zai iya ɗora ta a tafin hannunsa. Waɗanda suka ƙera ta aiki ɗaya tak suka yanka mata: a soka mata faifan ajiya ta ɗaya daga cikin kafofin USB biyu da ke bayanta, a jona ta da wayar sadarwar gida, shi ke nan duk kwamfutocin gidan su riƙa zuba kayansu a wuri guda. Kuɗinta a lokacin wajen dala 100 ne. Ba ta da allo, ba ta da fanka, ko ƙara ba ta yi.

Abin da ke cikinta ma ba wani abin a zo a gani ba ne. Ƙwaƙwalwarta ƙirar Intel ce, IXP420, ma'adanar aikinta megabait 32, wurin da manhajarta ke zaune kuwa megabait 8 kacal, wanda hotuna biyu zuwa uku na wayar zamani za su cika shi. Sai dai kamfanin ya gina manhajar a kan Linux, ita kuwa Linux tana tafe da sharaɗin lasisin GPL: duk wanda ya sayar da kaya da ita a ciki, dole ya ba mai saye rubutun asalinta. An riga an ja daga da Linksys kan wannan sharaɗi a 2003 game da rautarsa WRT54G, har ya saki rubutun. Saboda haka da sabon akwatin ya shigo kasuwa, masu ƙwaƙulo na nan a shirye.

Wani masanin manhaja, Jim Buzbee, yana cikin na farko da suka gano ƙofar shiga cikinta a wannan shekarar, ya kuma bayyana wa duniya yadda ya yi. Daga nan aka kafa ƙungiyar sa kai ta NSLU2-Linux, wadda Rod Whitby, mutumin Ostareliya, ya jagoranta, suka laƙaba wa na'urar suna Slug. Suka fitar da Unslung, wadda ta bar manhajar kamfanin yadda take amma ta buɗe hanyar ƙara wasu ɗaruruwa a kai. Suka fitar da SlugOS ga masu son share komai su fara daga tushe. Da Debian 4.0, wani nau'in Linux, ta fito a Afrilun 2007, akwatin na cikin na'urorin da take ɗauka a hukumance, kuma Martin Michlmayr, tsohon shugaban aikin Debian, ya taka rawa sosai wajen haka. Abin da aka sayar a matsayin ma'aji sai ga shi yana riƙe da shafin intanet, yana karɓar wasiƙun imel, yana watsa waƙoƙi zuwa ɗakuna, yana raba wa mutanen gida na'urar buga takardu guda. Wasu har musayar kiran waya suka ɗora masa da manhajar Asterisk.

Labarin da ya fi daɗi shi ne na gudunta. Masu bincike sun lura cewa ƙwaƙwalwar da aka ƙera don gudun megahaz 266 tana tafiya ne a 133, wato an ɗaure mata ƙafa tun daga masana'anta. Suka bi layukan allon cikin har suka kama mai laifin: wata 'yar mitsitsiyar rasisto mai lamba R83, ba ta fi ƙwayar gero ba. Mutum zai zare akwatin daga kwanson robarsa, ya kwantar da allon a tebur ƙarƙashin fitila, ya ɗora bakin ƙarfen narka dalma a gefenta har ta motsa, ya ture ta gefe. Marasa ƙarfen kan sa abin yanke farce su fasa ta. Ana mayar da wuta, gudu ya ninka. Daga baya, wajen 2006, kamfanin da kansa ya fara fitar da na'urar a cikakken gudunta. Duk mai gyaran waya a Farm Centre ta Kano zai gama aikin cire rasiston nan kafin shayinsa ya huce.

Sauya manhajar ma yana da nasa ladabin. Ana danne ɗan maɓallin da ke baya da bakin allura, a kunna, a zuba wa fitilar gaba ido kamar daƙiƙa goma. Tana rikiɗa daga ruwan lemo zuwa ja sai a saki nan take. Idan ta shiga ƙiftawa ja da kore, ta shirya karɓar sabuwar manhaja ta hanyar wani ɗan shiri mai suna upslug2. Wannan dabara ita ta ba mutane ƙarfin gwiwa, domin ko an lalata komai, yawanci ana iya komawa a sake zubi.

To me ya sa mutum mai kwamfuta babba zai wahalar da kansa da wannan ɗan abu? Amsar tana jikin mitar lantarki. Uwar garke ba ta barci, aikinta ke nan. Cajar NSLU2 bolt 5 ce da amfiya 2, wato ko ta ƙure ba za ta wuce wat 10 ba. A shekara, wat 10 dare da rana ya kama yunit 88 ba kaɗan. Kwamfutar tebur mai shan wat 100 kuwa za ta lashe yunit 876. A farashin naira 225 kan kowane yunit da aka yanka wa 'yan rukunin A a Najeriya a Afrilun 2024, kuɗin ya kama kusan naira dubu 20 ga akwatin, wajen dubu 197 kuma ga kwamfutar. Ga mai sola lissafin ya fi haka kyau: wat 10 na awa 24 abu ne da faranti guda mai wat 100 da batir madaidaici za su ɗauka da rara a ranar ƙasar Hausa.

Linksys ya daina ƙera NSLU2 a 2008, amma hanyar da ta share ba ta toshe ba. A 2009 aka ga SheevaPlug mai ƙwaƙwalwar Marvell, gudun gigahaz 1.2 da ma'adana megabait 512, a kan dala 99. A Fabrairun 2012 Raspberry Pi ta iso daga Ingila a kan dala 35, ita ce kuma ta gaje gidan. Yau mai sha'awa kan ɗora mata manhajar OpenMediaVault, ko ya nemi ƙaramar kwamfutar ofis ta hannu a kasuwa, ya haɗa da Samba, manhajar da Andrew Tridgell ya fara rubutawa a farkon shekarun 1990, wadda ke sa Windows ta ga faifan Linux kamar nata.

Akwai wani aibi na tsohuwar Slug da ya kamata mai karatu a nan ya sani, domin shi ne ma'aunin sayen duk wata irinta. Idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita, ba ta tashi da kanta sai an danna maɓalli. A Turai wannan ƙaramin abin haushi ne na sau ɗaya a shekara, duk da haka sai da masu ƙwaƙulo suka ƙirƙiro gyaran da ke tilasta mata kunnuwa. A inda NEPA ke zuwa ta koma sau biyar kafin la'asar, na'ura irin wannan ba ta da amfani sai da wannan gyara. Raspberry Pi tana tashi da zarar wuta ta shigo, amma ita ma tana da nata rauni: katin memorinta kan lalace idan wuta ta yanke tana tsaka da rubutu. Don haka ɗan batirin nan da ake sayarwa don rauta ya fi kowace manhaja muhimmanci, sai kuma wuri mai iska, nesa da taga, saboda zafin bazara da ƙurar hunturu ba sa barin faifai mai juyawa ya yi tsawon rai.

Haɗari mafi girma kuwa ta intanet yake shigowa. A Yunin 2021 masu akwatin My Book Live na Western Digital a ƙasashe da dama suka wayi gari an share musu komai daga nesa. Rabon na'urar da sabunta manhaja tun 2015, ga ta kuma a buɗe ga duniya. A Janairun 2022 ɓarayin DeadBolt suka kulle fayilolin dubban masu akwatunan QNAP suna neman fansa da Bitcoin. Wanda ya mayar da akwatinsa uwar garke ya ɗauki nauyin da ma'aikatan Google ke ɗauka a madadin wasu: shi ne mai sabuntawa, shi ne mai gadi. Abin da ya fi dacewa ga yawancin gidaje shi ne kada a buɗe wa akwatin ƙofar waje sam, a kuma ajiye kwafi na biyu a wani faifan da ake cirewa a kai wani ɗaki. Hotunan suna da na biki, takardun fili, karatuttukan malamai da aka yi shekaru ana tarawa, ba abin da za a damƙa wa faifai guda ba ne.

Kuma rufe ƙofar wajen ba ya rage masa daraja, musamman inda data ke da tsada. Manhajar Kiwix, wadda aka fara a 2007, tana ba da damar sauke Wikipedia baki ɗaya, har da ta Hausa, a ajiye a faifai. Makarantar da ba ta da intanet za ta iya sauke ta sau ɗaya a birni, ta ɗora a kan ɗan akwati mai shan wat biyar, ta haɗa da tsohuwar rauta, ɗalibai su riƙa buɗewa da wayoyinsu a cikin aji ba tare da an ci musu ko naira ɗaya ta kati ba.