"Ba Gajiya": Anya Kuwa?

In an ce da mace, "Ina gajiya?" sai ta amsa, "Ba gajiya," alhali kuwa ƙafafunta da ƙyar suke ɗaukarta. Wannan dai gaisuwa ce, amma jiki magayi ne.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafki ya mamaye garuruwa da gonaki, aka sake wa dubban mutane matsuguni. Yau a bakin ruwan nan, daga Yelwa har Wara, mace ce mai gyaran kifi da banda. A ƙasar Shanga kuwa ga surfe, ga ɗiban ruwa, ga reno. Ita ce farkon tashi da asuba, ita ce ƙarshen kwanciya. To, ina hutunta?

Gajiya iri biyu ce. Akwai wadda barci ke warkarwa. Baligi yana bukatar barcin awa 7 zuwa 9, matasa 'yan makaranta kuwa awa 8 zuwa 10. Mu malamai muna ganin yarinya tana gyangyaɗi a aji, a ce malalaciya ce, alhali talla ta kai ta dare. Ke ma ɗaliba, ajiye wayar nan in kin kwanta. Uwargida, ki raba aiki da yara, maza da mata. In rana ta take ki kishingiɗa ko na minti 20 ne. Ki sha ruwa sosai, ki kuma kafa murhun banda inda iska ke ratsawa, don hayaƙi yana cin ƙirji da ido.

Akwai kuma wadda barci ba ya taɓawa. Sau da yawa ƙarancin jini ne, musamman ga mai ciki, da mai jego, da budurwa mai al'ada. Zazzaɓin sauro da tsargiya, waɗanda ba baƙi ba ne a bakin tafki, suna ƙara shanye jini. Alamunsa jiri, da haki, da ɗashewar cikin ido. Ki riƙa cin wake, zogale, alayyafo, hanta da ƙananan kifi, ki matsa lemun tsami a kai. Shayi kuwa a bar shi sai bayan abinci da kamar awa guda. In gajiya ta wuce mako 2, a je asibiti a auna jini. Ƙwayar da ake saya a kan tire ɓoye ciwo kawai take yi.

Kada mu manta da zuciya. A 2021 jirgin ruwa ya kife kusa da Wara, aka yi asarar rayuka masu yawa, aka kuma sace ɗalibai a Birnin Yauri. Irin wannan yakan bar rashin barci da faɗuwar gaba shekara da shekaru. Haƙuri bai hana magana ba. Ki faɗa wa 'yar'uwa ko aminiya, ki yawaita addu'a, in ya ci tura ki ga likita.

Maigida, in an karanta maka wannan, a taimaka. Gidan da uwa ta kwanta, kowa ya kwanta. Allah ya ba mu lafiya, amin.