Yadda Ƙananan Ikilisiyoyi Suka Haɗa Kai Suka Ɗauki Nauyin Aikin Mishan

Mutane da yawa a ƙasar nan, in aka ce musu ɗan mishan, abin da ke zuwa musu a rai shi ne Bature da farin wando da hular hana sallah, yana raba magani a gindin bishiya. Wannan siffa kuwa ta daɗe da wucewa. Mafi yawan masu yawon wa'azin Kirista a ƙauyukan Arewa 'yan ƙasa ne, kuma kuɗin da ake ba su na wata-wata daga aljihun manoma da malaman makaranta da ƙananan ma'aikata yake fitowa, ba daga Ingila ko Amurka ba. Yadda aka yi ikilisiyoyin da kowacce ba ta fi ƙarfin albashin fastonta ba suka iya wannan aiki, abu ne da ya kamata mai sha'awar sha'anin mulki da tafiyar da ƙungiyoyi ya duba, ko wane addini yake bi.

Tushen abin daga Turawa ne. A cikin watan Disamba na 1893 samari uku, watau Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da nufin shiga ƙasar da a lokacin ake kira Sudan. Shekara ba ta zagayo ba biyu daga cikinsu suka mutu, Bingham kaɗai ya koma gida. Ƙungiyar da ya kafa, wadda aka sani da SIM, ba ta samu wurin zama ba sai a 1902, a Pategi. Bayan shekara biyu Karl Kumm ya kawo mutanen SUM suka sauka Wase. 'Yan'uwa kuma, waɗanda ikilisiyarsu ake kira EYN, suka fara aiki a Garkida a 1923. Kowace ƙungiya da yankinta, da ƙasar da ke aiko mata kuɗi, da irin tsarin ibadarta. Abin da ya haɗa mabiyansu, waɗanda harsunansu sun fi a ƙirga, shi ne Hausa, musamman bayan da aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932.

A 1948 ikilisiyoyin da suka fito daga aikin SIM suka kafa ƙungiyar aika masu bishara ta kansu, wadda daga baya aka sa mata suna EMS. Abin lura a nan shi ne, ƙungiyar ta girmi ikilisiyar da ke riƙe da ita, domin ita ECWA sai a 1954 aka kafa ta. Watau mutanen nan sun fara tara kuɗi su aiki nasu kafin ma su sami shugaba guda ko ofishi guda. A ɓangaren SUM da 'Yan'uwa kuma aka haɗu a Randa a 1955 aka kafa Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan, wadda ta zama TEKAN. Ba su narke sun zama ikilisiya ɗaya ba. Lutaran na Numan ya ci gaba da zama Lutaran, sai dai abin da ɗaya ba za ta iya ita kaɗai ba suka yi shi tare. Babban misali shi ne kwalejin horar da fastoci da aka buɗe a 1959, wadda take Bukuru.

To, yaya kuɗin ke tafiya? A tsarin ECWA, ikilisiyar ƙauye tana ƙarƙashin majalisar yanki, ita kuma ƙarƙashin majalisar gunduma, har zuwa babbar majalisa da ke Jos. Ana keɓe mako guda a shekara domin addu'a da baiko saboda masu bishara. Amma dabarar da ta fi tasiri ita ce ta ɗaukar nauyi: ikilisiya guda, ko iyali guda, ko ƙungiya a cikin ikilisiya, sai ta yi alkawarin biyan alawus ɗin mai bishara ɗaya kowane wata. Masu bayarwa sun san sunansa, sun san ƙauyen da yake, yakan rubuto musu wasiƙa, in ya zo hutu kuma ya tsaya gabansu ya ba da labari. Mutum ya fi sakin hannu ga wanda ya san fuskarsa, ba kamar asusun da ba ya ganin inda ya nufa ba. Manomin da ba shi da kuɗi kan kawo damin dawa ko kaza lokacin godiyar kaka, a sayar a zuba. A nan kuma dole a ambaci Zumuntar Mata, domin duk wanda ya zauna a Kagoro ko Kaltungo ko Zonkwa ya san cewa in matan nan suka ɗaura ɗamara a kan abu, to an gama. Su ne masu tara hatsi da sabulu da tufafi, su ɗauki mota su kai wa iyalin mai bishara har inda yake.

Wanda aka fi tunawa da shi wajen faɗaɗa wannan tsari shi ne Fasto Panya Baba, mutumin Karu, wanda ya shugabanci EMS daga 1970 zuwa 1988, sa'an nan ya zama shugaban ECWA. A zamaninsa masu bishara suka ƙaru da ɗaruruwa, har aka tsallaka iyaka zuwa ƙasashen maƙwabta. A cikin shekarun ne kuma, a 1976, SIM ta miƙa wa ECWA ragamar ayyukanta, gwamnatoci kuwa suka karɓe makarantun mishan da dama. Wasu samari masu ilimin jami'a suka kafa CAPRO a Zariya a 1975, ba tare da jingina ga wata ikilisiya guda ba, kuma a 1982 ƙungiyoyi irin waɗannan suka haɗu a ƙarƙashin inuwar NEMA, don kada biyu su yi ta cunkoso a ƙauye ɗaya alhali babu mai sanin abin da ɗayar ke yi.

Amma fa tsarin yana da rauninsa, kuma raunin yana nan daidai inda ƙarfinsa yake. Alkawari ne na son rai, ba doka ba. In damina ta yi gardama, ko aka sauya faston da ke zuga jama'a, ko ikilisiyar ta shiga ginin sabuwar majami'a, alawus ɗin mutumin da ke can bakin daji shi ne farkon abin da ke makara. A ganina wannan na ginin shi ne ya fi zama abin kunya, domin ana iya samun ikilisiyar birni da ta kashe miliyoyi wajen rufi da fenti, wanda ta aika kuwa yana bin ta bashin wata uku. Faɗuwar darajar Naira, tun daga gyaran tattalin arziki na 1986 har zuwa sakin ta da aka yi a 2023, ta fi cutar waɗanda aka tura ƙasashen sefa, domin a Naira ake tara musu, a sefa suke sayen abinci. Ga kuma karatun 'ya'ya, tun da yawancin wuraren da ake tura su babu makarantar kirki, ga tsufa da ke zuwa wa mutumin da bai gina gida ba, bai tara komai ba.

Rashin zaman lafiya ya ƙara jarraba wannan haɗin kai. A watan Oktoba na 2014 mayaƙan Boko Haram suka mamaye hedkwatar EYN da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninta suka koma Jos na wani lokaci, dubban mabiyanta kuma suka watsu. Ikilisiyoyin da a da su ne masu bayarwa suka wayi gari su ne masu neman masauki da abinci, nauyin masu bisharar da suka ɗauka kuma ya koma kan 'yan'uwansu na Jos da Abuja da sauran garuruwan da suka karɓe su.