AKWATIN LASIFIKA: ABIN DA YA KAMATA MAKAƊAN BIRNIN GWARI SU SANI KAFIN SU ZUBA KUƊINSU

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da tambari a ƙofar fada ya san cewa amonsa har a ƙirji ake jin sa. Masassaƙan da suka gaji wannan sana'a sun daɗe da sanin dalili, watau ƙaton icen da aka fafe aka rufe da fata shi ne yake ba amon kauri. In aka ɗauki wannan fata aka ɗaura ta a bakin ƙaramin ƙoƙo, to, ƙasaitar ta tafi ke nan. Wannan tsohon ilmi shi ne kuma tushen zaɓen akwatin lasifika na jitar bes, wadda ita ce mai kaurin murya a cikin kayan kiɗan zamani.

Maganar tana da muhimmanci a Birnin Gwari. Masarautar ta sha fama da 'yan bindigar da suka fake a dazuzzukanta shekara da shekaru, har tafiya a kan hanyar Kaduna ta zama abin fargaba, taron jama'a kuwa ya ja baya. A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanun garin bayan ta daɗe a rufe. Inda kasuwa ta ci kuwa, biki da suna da taron makaranta sukan biyo baya, kuma kowannensu yana neman na'urar da za ta kai murya ga jama'a. Saurayin da ya sayar da amfanin gonarsa, ko ƙungiyar mawaƙan majami'a da ta yi karo-karo, in suka sayi akwatin da bai dace da amfilifayarsu ba, dukiyarsu tana iya ƙonewa a dare guda. Rigakafi kuwa, an ce, ya fi magani.

DALILIN WUYAR AMON BES

Tsirkiyar da ta fi kauri a jitar bes mai tsirkiya 4 tana kaɗawa sau 41 a cikin daƙiƙa guda, alhali takwararta ta jita ta yau da kullum tana kaɗawa sau 82. In bes ɗin mai tsirkiya 5 ce, abin yakan sauka zuwa sau 31. Irin wannan amo yana bukatar a ture iska mai yawa, saboda haka faifan takardar da ke gaban lasifika sai ya yi ta kai da kawowa da nisa. Bugu da ƙari, lokacin da faifan ya tura iska gaba, bayansa janyo ta yake yi. Idan babu akwatin da ya raba gaba da baya, iskar biyu sai su haɗu su kashe juna, a ga faifai yana ta rawa amma amo ya zama siriri.

Masu ƙera kayan kiɗa ma sai da suka koyi wannan darasi a hankali. Leo Fender na Amurka ya fito da jitar bes ta lantarki mai suna Precision a 1951, ya biyo ta da amfilifayar Bassman a 1952. Samfurin da ya yi suna daga baya yana da lasifika 4 masu inci 10, amma bayan akwatin a buɗe yake, shi ya sa masu jita ta yau da kullum suka fi masu bes morarsa. A 1969 kamfanin Ampeg ya fito da amfilifayar SVT mai ƙarfin wat 300 tare da akwati rufaffe mai lasifika 8, wanda ya zama abin koyi a manyan dandali. Tun kafin nan, a 1961, wani injiniya na ƙasar Ostareliya, Neville Thiele, ya bayyana lissafin da ke daidaita girman akwati da lasifikar da za a sa masa. Ma'anarsa ita ce kowace lasifika da akwatin da ya dace da ita, kamar takalmi da ƙafa.

LAMBOBI BIYU A BAYAN AKWATI

Abu na farko da mai saye zai duba shi ne ma'aunin om, wanda yake nuna yadda akwati yake tare wutar da amfilifaya take turo masa. Yawancin akwatunan bes om 8 ne ko om 4, kowace amfilifaya kuma an rubuta mata iyakar da ba za a sauka ƙasa da ita ba, galibi om 4. Abin da yake rikita mutane shi ne in an jona akwati biyu a bayan amfilifaya guda, lambar raguwa take yi. Biyu masu om 8 sukan zama om 4, wannan lafiya lau. Biyu masu om 4 kuwa sukan zama om 2, a nan ne amfilifaya take ɗaukar zafi, ta yanke, ko ta ƙone. Don haka wanda yake da niyyar ƙara akwati na biyu nan gaba, gara ya fara da mai om 8.

Abu na biyu shi ne wat. A nan ne ake yi wa baƙon kasuwa romon baka, domin akan manna wa akwati takarda mai lambobi dubu-dubu tare da haruffan PMPO, lissafin da ba ya nuna komai game da aikin yini guda. Lambar da za a riƙe ita ce mai haruffan RMS, watau ƙarfin da akwati zai jure a kai a kai. Ya kamata ta kai ƙarfin amfilifayar, ko ta ɗan ɗara. Duk da haka kunne shi ne alƙali na ƙarshe: da zarar amo ya fara dishewa ko faifai ya fara buguwa, sai a rage, komai girman lambar da aka rubuta.

FILI DA HANYA

Yawancin tarurrukan ƙasar Birnin Gwari a fili ake yin su, a ƙofar gida ko a farfajiyar makaranta, inda babu bangon da zai maido da amo. A irin wannan wuri, duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarfin amo yakan ragu da desibel 6. Amon da ya kai desibel 100 a mita 1 zai koma 94 a mita 2, ya koma 88 a mita 4. Ninka ƙarfin amfilifaya kuwa desibel 3 kacal yake ƙarawa. Ashe ke nan ƙara faɗin faifan da ke ture iska ya fi sayen wat riba. Lasifika 4 masu inci 10 sun fi guda ɗaya mai inci 15 faɗin faifai da kusan rabi. Jingina akwati kusa da bango, a ƙasa, shi ma yana ƙara wa amo kauri ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Sai dai kaya na mai ɗauka ne. Akwati mai lasifika 8 ya haura kilo 60, kuma daga Kaduna zuwa Birnin Gwari tafiya ce ta fiye da kilomita 100, ban da hanyoyin ƙauye da babur kaɗai yake shiga da damina. Akwati biyu matsakaita, kowanne mai om 8, sun fi ƙato guda sauƙi: ƙaramin taro a ɗauki ɗaya, babba a haɗa biyu, in ɗaya ya lalace kuma ba a tashi taro ba.

KATAKO DA DAJI

Mutumin da ya tashi a gefen dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 aka kuma mai da shi gandun dajin ƙasa a 1999, yana iya zaton babu abin da ya kai falankin maɗaci ko maɗobiya kyau wajen haɗa akwati. Ba haka abin yake ba. Falankin ice yakan kumbura da damina, ya tsuke da hunturu, ya tsage a mahaɗa, akwatin da yake yoyon iska kuwa ya rasa amfaninsa. Manyan kamfanoni da katakon filawud suke aiki, wanda aka yi da fallaye manne da juna, mai kaurin milimita 15 zuwa 18, tare da tokara a ciki. Wanda za a guje wa shi ne katakon da aka matse daga dusar zarto, domin da ya sha ruwa sai ya ruɓe. Maɗobiya kuwa tun 2017 take cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta ɗaure cinikinsu tsakanin ƙasashe saboda yawan sara. Sare ta don akwatin lasifika hasara biyu ce, ga daji ya ragu, ga akwati bai yi ba.

Kafintan gida yana iya haɗa akwati mai kyau, muddin an ba shi awon da ya dace da lasifikar, musamman in akwatin mai kafar fitar iska ne, domin faɗin kafar da zurfinta su ne suke saita amon.

KAFIN A BIYA KUƊI

Ko a kasuwar Sabon Gari ta Kano za a saya, ko a Alaba ta Legas, hikima ita ce mutum ya tafi da jitarsa da amfilifayarsa, ya kaɗa tsirkiyar da ta fi kauri, ya saurara ko wani abu yana karkarwa. In akwatin na hannu ne, ya danna faifan a hankali da yatsu. Jin gurzawa alama ce wayar ciki ta taɓa ƙonewa. Ya nemi waya mai kauri ta lasifika, kada ya jona da siririyar wayar jita. Janareta kuma ya zama yana da rarar ƙarfi, a bar shi ya daidaita kafin a kunna amfilifaya.

Daga ƙarshe akwai dukiyar da babu kasuwar da ake sayar da ita. Masana lafiya sun sa iyakar desibel 85 ga wanda zai yi awa 8 cikin ƙara, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. Yara ne suka fi son tsugunawa gaban lasifika a wurin biki, saboda haka nauyi ne a kan mai kayan kiɗa ya matsar da su. Faifan da ya yage akwai mai gyaransa a bakin kasuwa, amma jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa.