Daga Kumbotso zuwa Indabo: a kai ɗaliban likitanci inda cuta ke farawa

Ɗalibin likitanci a Najeriya yakan yi shekara 6 a jami'a, kuma mafi yawan aikinsa na gwaji a babban asibitin koyarwa yake yin sa. A Kano, ɗaliban Jami'ar Bayero suna koyo ne a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988. Can akwai ƙwararru da na'urori da ɗakunan gwaje-gwaje. Sai dai marar lafiyar da ya isa can sau da yawa ya riga ya sha jiƙo, ya bi ta kyamis, ya kwana a ƙaramin asibiti, sai da abu ya ci tura aka turo shi. Ɗalibi yana ganin ƙarshen cuta ke nan, bai ga farkonta ba.

Farkon nata yana garuruwa irin su Indabo, ɗaya daga cikin mazaɓu 10 na ƙaramar hukumar Wudil. A irin waɗannan wurare ne zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara da damina, tamowa ta kama su kafin kaka, tsargiya ta bi masu wanka a rafi da kududdufi. A nan ne mai ciki ke kumburin ƙafa ba a auna jininta ba har jijjiga ta kama ta, sannan a shiga neman mota cikin dare.

Masana sun daɗe da gane wannan giɓi. Tun 1963 Jami'ar Ibadan ta fara tura ɗalibanta Igbo-Ora, a yankin Ibarapa, su zauna cikin jama'a. Jami'ar Ahmadu Bello ta yi aiki a Malumfashi a shekarun 1970 tare da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool da ke Ingila, kuma asibitin koyarwarta na da cibiya a Yakawada, cikin ƙaramar hukumar Giwa. Kano ma tana da tata: cibiyar lafiya ta Kumbotso, inda sashen kula da lafiyar al'umma ke horar da ɗalibai. Amma yau birni ya cim ma Kumbotso, har tana cikin ƙananan hukumomi 8 na ƙwaryar Kano. Wanda ke son ganin karkara sosai dole ya ƙara gaba.

Wudil ta dace da wannan aiki. Kimanin kilomita 40 ne tsakaninta da Kano, tana da babban asibiti, tana da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote, ga kogi, ga kasuwar Juma'a mai tara mutane da dabbobi daga nesa. Abin da ake bukata shi ne yarjejeniya a rubuce, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Makarantar likitanci ta kawo ɗalibai da malamai da manhaja. Hukumar kula da lafiya matakin farko ta jiha ta buɗe ƙananan asibitocinta. Babban asibitin Wudil ya karɓi waɗanda aka turo. Ƙaramar hukuma da jami'ar garin su taimaka da masauki, da ruwa, da wuta. Hakimi da dagatai da masu unguwanni da limamai su gabatar da baƙin ga jama'a, don ba a shiga gidan mutum ba da sallama ba.

Ɗalibin da ya yi makonni a Indabo zai koyi gane cuta da ido da hannu da tambaya, ba tare da jiran na'ura ba. Zai zauna da malaman asibiti da ungozoma, ya ga rijiyar da ake sha, ya fahimci abin da ke hana magidanci kai iyalinsa awo: kuɗin mota ne, ko nisa, ko rashin mace da za ta duba ta. Garin kuma zai samu ƙarin hannu wajen rigakafi, da awon ciki, da gano hawan jini da ciwon sukari da wuri. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashe shawarar su ɗauki ɗalibai 'yan karkara, su kuma horar da su a karkara, domin hakan na ƙara yiwuwar su koma can aiki.

Akwai sharaɗin da ba a sassauta shi. Ɗalibi ba likita ba ne tukuna. Kada a bar shi da marar lafiya babu ƙwararre a kansa, kuma kada a taɓa kowa sai da yardarsa. Talakan ƙauye ba abin gwaji ba ne.

Muna kira ga gwamnatin Kano, da jami'o'inta, da shugabannin Wudil, su zauna su tsara wannan haɗin gwiwa, su ware masa kuɗi a kasafi. Su kuma iyaye a Indabo da Darki da Utai da Lajawa, su dage wajen karatun kimiyya na 'ya'yansu, maza da mata, domin likitan da zai zauna da su gobe daga cikinsu zai fito.